Matar da Ta Sa Ni Ƙirga Kujeru

Ranar da injin jirginmu zai tsaya, abin da na fara lura da shi shi ne an daina zuba shayi. Ƙararrawa ta buga a gaba. Matar da ke tura keken shayin ta ajiye buta, ta je ta ɗauki wayar da ke rataye a bango, ta saurara, ta rubuta wani abu a bayan hannunta da biro. Sai ta mayar da keken mazauninsa ta kulle. Ni mutum ne da tsoro bai taɓa bari ya yi gyangyaɗi a mota ba, balle a sama.

Shekara goma sha huɗu ke nan. Wannan matar ita ce shugabar ma'aikatan cikin jirgin, kuma a makon jiya ta ajiye aiki bayan shekara talatin da ɗaya. Abokan aikinta Anti Sannu suke ce mata, domin ba wanda ya taɓa ganin ta tana gudu. Ni ɗinki ne sana'ata, ban yi karatu mai nisa ba, amma na ga bai kamata irinta ta koma gida shiru ba.

Yanzu na san yadda take fara yininta. Takan riga kowa isa ɗakin da ma'aikata ke haɗuwa, ta jefa wa kowa tambaya: ina tukunyar kashe wuta take, yaya ake buɗe ƙofar baya. Wanda ya yi in-ina ba zai tashi da ita ba ranar. In ta shiga jirgi ba ta yarda da ido, sai ta taɓa kowane abu da hannu. Sannan ta tsaya a bakin ƙofa tana yi wa fasinja sannu da zuwa. Mu gaisuwa muke ji. Ashe awo take yi: wa ke da ƙarfi, wa ba shi da lafiya, wa zai fara rikicewa.

Ranar ina tare da autata, tana da shekara tara, zan kai ta wurin likitan ido a wani gari. Tana gefen taga ta hagu. Kyaftin, wato matuƙin jirgin, ya yi magana ba gaggawa. Ya ce injin hagu yana zubar da mai, zai kashe shi da kansa, jirgin yana iya tafiya da ɗayan, za mu karkata mu sauka a filin da ya fi kusa. Bai daɗe da rufe baki ba ƙugin da ke gefenmu ya ɗauke. Ban taɓa jin shiru mai nauyin wannan ba.

Sai ga Anti Sannu ta durƙusa a gefen kujerata.

"Baban yarinya, ina neman mai taimaka min. Ka iya ƙirga?"

Na ce na iya.

"Kujera nawa ce daga nan zuwa waccan ƙofar?"

Na ƙirga sau biyu. "Shida."

"Riƙe shidan nan. In ta kama a fita kuma ido ba ya gani, hannu ne zai ƙirga. Ga agogo kuma a hannunka. Saura minti ashirin da biyu. Duk wucewar da zan yi, ka gaya min saura nawa."

Haka aka yi. Tana bin layi tana duba bel ɗin ɗaure jiki, tana sa a miƙe kujeru, tana nuna yadda za a sunkuyar da kai, in ta zo kaina sai in ce, "Sha bakwai." Ta ce, "Madalla." Auta ta ce, "Baba, hannuna kake matsewa." Na sassauta ban ɗaga ido daga agogo ba. Muka sauka lami lafiya, motocin kashe gobara suna bin mu a gefe, ba su fesa ko ɗigo ba. Awa shida muka yi a ɗakin jira na filin da ba wanda ya yi niyyar zuwa, kafin a turo wani jirgin. Anti Sannu ba ta zauna ba. Ita ta kira asibitin da wayarta ta roƙa aka ɗaga mana ganin likita zuwa washegari.

Na dawo gida da labari. Shekara da shekaru duk wanda ya zauna a bencin shagona sai ya ji yadda aka duba mutum ɗari da wani abu aka zaɓe ni. Maiɗakina har ta raɗa min suna, Jarumin Kujera Shida.

Sai Auta ta girma ta ce aikin jirgi take so. Na ce ba da yawuna ba. Ta ci jarrabawa, aka kira ta horo, ta ajiye takardar a kan keken ɗinkina ta ce ba za ta je ba sai na amince. Saura kwana biyar a rufe karɓa. Kwana uku ina kewaye takardar nan kamar garwashi. A na huɗu ta ce, "Baba, mai ba da horon ka san ta. Je ka tambaye ta da kanka."

Na same ta a ɗakin horo, inda aka kafa rabin jirgi na gwaji da ƙofarsa. Furfura ta fito mata. Ta dube ni ta ce, "Baban yarinya. Saura minti nawa?"

Muka yi dariya. Na tambaye ta abin da ta gani a jikina ranar har ta zaɓe ni.

"Gaskiya kake so? Tun a bakin ƙofa ka tambaye ni ko jirgin sabo ne. Da injin ya yi shiru, ka cire bel ka miƙe kana cewa ya mutu, ya mutu."

Wallahi wannan wurin na share shi daga labarina har na manta da shi.

Ta ce, "Tsoro ya fi mura saurin kama mutane. Ɗaya ya tashi, ɗari sun tashi. Shi ya sa nake neman wanda ya fi kowa firgita in ba shi aiki. Mai ƙirga ba ya ihu. Ni ma ai ina da agogo."

Kunya ta rufe ni. Da kunyar ta sake ni na ce, "To Anti, ki ba ni tabbacin ba abin da zai sami 'yata."

"Ba zan ba ka ba. Ranar ma ban ce maka za mu sauka lafiya ba, abin da na sani na gaya maka. Abin da zan iya shi ne in koya mata abin da za ta yi da hannunta in ranar ta zo."

A ranar na mayar wa Auta takardarta.

A walimar ajiye aikin Anti Sannu, cikin wannan ɗakin horon, na ji abin da ban sani ba. Wani kyaftin ya ce sau huɗu jirginta yana karkata hanya, kuma ko sau ɗaya ba ta ajiye waya ba sai ta maimaita masa abin da ya faɗa, kalma bayan kalma. Wata ta ce ta ga ranar da ta ba wani ƙato jaririn wata fasinja ya riƙe, don ya daina dukan kujera. Na ji daɗi, ashe muna da yawa.

Anti Sannu, ke ce kika riƙe min mutuncina a gaban 'yata, kika bar ni da labarina har sai da na zo da ƙafata na tambaya. Ke ce ba ki saye ni da ƙarya ba ranar da ƙarya za ta fi sauƙi. Na gode. Allah ya ba ki hutu mai daɗi. Duk wanda aka ba amanar mutane, direba ne ko malamar asibiti, ya ɗauki wannan a wurinki: ya faɗi abin da ya sani, ya nemo wa mai tsoro abin yi.

Auta ta shekara biyu tana tashi. Kafin ta fita takan gaya min lokacin saukarta, ta ce in riƙe mata agogo. Na san abin da take yi, ina kuma riƙewa. Har yau ƙararrawar nan ba ta buga mata ba. Na tambayi Anti ko ita ta ji tsoro a ranarmu, sai ta dubi bayan hannunta ta miƙo min shayi. Ban san ko ta ji tsoron ba, ban kuma san yadda fuskar 'yata za ta kasance ba ranar da za ta ɗauki wayar nan.