Ranar da Na Canja wa Rifkatu Lamba

Har gobe ban manta da ranar da Malam Bitrus ya durƙusa a gaban tagata ba. Lokacin mulkin soja ne, ana tsuke bakin aljihu, ina akawun kati a wani asibiti a yankin Makarfi.

Ku yaran yanzu kwamfuta ta sangarta ku. Mu likita kan rubuta sunan cuta, mu duba littafi mu sa mata lamba. Sankarar bakin mahaifa tana da tata. In an yi magani ta tafi, sai mu sa wata mai harafin V a gaba, wato tsohon ciwo.

Rifkatu matar Malam Bitrus, manoma ne daga Taba, ta sami wannan V ɗin bayan an yi mata aiki a Zariya. Ni da bakina na fassara mata shi, ta yi ta guɗa har nas ta kore mu.

Bayan damina biyu ciwon ya dawo. Likita ya faɗa wa mijin kaɗai, kamar yadda aka saba, ya turo shi wurina in sa lamba a takardar komawa Zariya.

"Malam Sa'idu, don Allah bar mata tsohuwar," in ji Malam Bitrus. "Ta san ta. In ta ga an canja, za ta karaya."

Wallahi na so in bari. Amma a Zariya da lamba ake tsara layi. Mai V sai ta jira watanni, ga injin gasa sankara yau yana aiki gobe ya tsaya. Na ce, "Baba, tashi. In na bar ta, ni na kashe ta." Na rubuta ta gaskiya.

Da ya tafi neman mota, Rifkatu ta zo karɓar takardar. Ta daɗe tana kallonta.

"Malam, ina harafina?"

Na shiga jujjuya littafin lamba.

"Ai jikina ya riga ya faɗa mini," ta ce, tana ninke takardar ta cusa a zani. "Kada dai ka gaya wa maigida. Ba zai iya ɗauka ba."

Ba ta ga kaka ba. Na yi kuka kamar 'yar'uwata ce.

Don haka ku yi hattara. Lambar da kuke bugawa kuna hira, akwai mai karanta ta da ransa.