Ƴan amshin Baba Ilu

Jama'a, yau mutum ɗaya ya cika mini situdiyo!

Kun san tun tafiyarku Agadas, ku ukun nan, ni kaɗai nake nan Magarya. Da hantsi ina gwada lojisiyel biyu na ɗaukar murya a kwamfuta, na rasa wanda zan zaɓa. Ɗaya mai sauƙi ne, amma layin murya huɗu kawai yake ɗauka. Ɗayan ba iyaka.

Sai ga wani tsoho daga Yekuwa, Baba Ilu, zai yi waƙar gayya.

Na ce, "Baba, ina ƴan amshi?"

Ya ce, "Duk sun riga mu gidan gaskiya, yaro."

Na buɗe mai sauƙin. Ya rera. Na sa masa kaske a kunne ya ji muryarsa, na ce ya amsa wa kansa. Wallahi sai ya sake murya! Ya ce, "Wannan Habu ne, ɗan amshina." Layi na uku, Tanko. Na huɗu, Sule. Layi ya ƙare.

Ya riƙe hannuna. "Saura ƙanena Idi. Kada ka bar shi waje."

Nan take na koma ɗayan, muka sake daga farko. Zaɓi ya ƙare ke nan!

Ya tafi. Na buɗe layi uku da sunayenku. Har yanzu ba komai a ciki.