Zurfin Gulbi a Mashayar Alu

Gwandu zuwa Kalgo

Na bar Gwandu da ƙarfe biyar da rabi na asuba a motar kasuwa, shekarar da aka ba mu jiha. Gundumomi biyu na jayayya kan Mashayar Alu, wani ƙaramin gari a bakin gulbi, aka ɗora mini binciken tarihinsa. Dattawan garin sun ce gulbin ne ya sauya hanya, ya raba su da gonakinsu. In ban samu shaida ba, gonakin sun tafi.

'Yan sanda sun tsayar da mu sau biyu. Mun isa Kalgo tara saura kwata, na sha fura, na hau babur zuwa Diggi. Sauran tafiyar da ƙafa na yi, awa ɗaya da minti goma.

Mashayar Alu

Sarkin Ruwa, tsoho mai ido ɗaya, ya saka ni a kwalekwalensa bayan azahar.

"Ɗan boko, shaida kaka biɗa? Tana ƙarƙashinmu. Nan munka rufe iyayenmu tun gulbi bai biyo ta nan ba."

A tsakiyar ruwa ya ɗaga gorar da yake tuƙi da ita, ya kwantar da ita, ya yi sallama. Babu kowa a wurin. Ko tsuntsu bai yi kuka ba. Ya bar ruwa yana tafiya da mu.

Ni kuwa ba na rubuta abin da ban auna ba. Na ɗauki gorar na soka.

"Kak ka yi!"

Ya makara. Gorar ta sauka kamu bakwai, ta daki wani abu, ya fashe. Na ji fashewar har cikin tafin hannuna. Kumfa ya taso a jere, tsawon kwanciyar mutum. Da na zaro gorar, ga katangar tukunya maƙale da laka a bakinta, irin wadda ake rufe kabari da ita.

Tsohon ya karɓa, ya daɗe yana dubanta.

"Ga shaidarka," in ji shi. "Layin kabarin babana ne."

Ya miƙo mini. 

Komawa

Na iso Gwandu washegari da la'asar, na gode wa Allah da mutanen Mashayar Alu da suka sallame ni ba tare da zagi ba. Rahotona ya tafi da katangar, gonakin sun tsaya a hannunsu. An tambaye ni dalilin da ya sa na bar gurbin zurfin ruwa a rahoton babu komai. Na san adadin sarai. Ban rubuta ba.