Malama Magdalene da Garmar Golmo

Kafin a buga ƙararrawar safe, Malama Magdalene ta riga ta iso daga Rikoto da batirin mota a bayan keke, ta buɗe ɗakin gwaje-gwaje, ta wanke kwalabenta. Haka muka same ta muna 'yan aji ɗaya, haka take har bana, 2007, da ta yi ritaya.

Burinta ɗaya ne: mu gani da idonmu an raba ruwa, iskar hayidurojin ta fito, iskar nan da ake fatan wata rana ta tuƙa mota ba hayaƙi. Aikin yana son ƙarfe mai hanzarta shi, filatinam, mu kuwa ko ƙwayarsa ba mu da ita. Sai ta karanta cewa ƙarfen da aka shafe da haɗin sinadaran nikel da fosfaras yana iya kwatantawa. Ta gwada ƙusa, ta gwada gwangwani, tsatsa ta yi ta ɓare shafen. Shugaban makaranta ya ce tunda ɗakin ba ya haifar da komai, tana tafiya zai zama rumbun dawa.

Nan idonta ya faɗa kan garmar mijinta, Baba Sila, wadda ya yi golmo da ita, noman da saurayi ke yi wa surukai kafin a ba shi mata. Har lokacin yana noma da ita, ƙasa ta goge bakinta tas, ba ɗigon tsatsa.

"Da garmar nan na samo ki, yanzu kuma raba ni da ita za ki yi?"

"Haba tsoho, ai ta gama aikinta. Ba ga ni a gidanka ba?"

Shi da kansa ya kai wa maƙeri ya yanka. Wayyo, soyayya!

Ta shafe ƙarfen da haɗin, wannan karon shafen ya zauna. Ranar bankwana ta tsoma shi a ruwa, ta haɗa batir. Kumfa ya taso kamar an buɗe lemo! Ta tara iskar a kwalba, ta kanga ashana: fat! Shugaba ya zabura, Baba Sila ya miƙe yana ihu, "Garmata ce fa, jama'a!"

Mabuɗin ɗakin yanzu yana hannun Malama Larai, tsohuwar ɗalibarta. Dawa ta nemi wani wuri.

Malama, ke ce kika ƙi yarda mu san kimiyya a allo kawai. Mun gode, Allah ya saka. Malaman ƙasar Zuru, ku leƙa bayan ɗaki. Wataƙila a gidanku ma akwai garma.