Kyamara Biyu a Shagon Dakata

Duk layin Dakata ake ce masa, har jikokinsa haka suke kiransa. Daga bakinsa ya samo sunan. Da zarar mutum ya zauna a kujerar shagon hotonsa, sai ya ɗaga hannun hagu ya ce, "Dakata, kar ka motsa," ko da mutumin bai ko ƙifta ido ba. Shagon ɗaki ɗaya ne tsakanin mai gyaran agogo da kantin magani, da labule ruwan toka a bango, da fitilu biyu masu lema, da fankar da kowa ya saba da kukanta. A nan ya yi furfura yana ɗaukar hoton fasfo, da na 'yan makaranta, da na iyalan da sai sun yi cacar baki kafin su yarda da wanda zai tsaya a tsakiya.

Mutum ne mai taurin kai a kan aikinsa, kuma in za a faɗi gaskiya, mai wahalar sha'ani. Ya sha yaga hoto a gaban mai shi, mai hoton yana cewa ya yi masa kyau, shi yana cewa bai yi ba. A wurinsa in gashin ido bai fito ɗaya-ɗaya ba, ba a yi hoto ba. Da hannu yake saita tsohuwar kyamararsa mai madubi, ya kara ido, ya murɗa gilashin gaba har fuskar ta tsaya tar.

Sai idon ya fara ba shi kunya. Likita ya ce jijiyar ce ke rauni, tabarau ba zai gyara ba, magani sai dai ya rage mata gudu. Matarsa kaɗai ya gaya wa, ita ma a taƙaice, kamar yana ba ta labarin wani. Amma aiki ba ya ɓoye irin wannan. Aka fara dawo masa da hotuna, wannan kunne ya fito ido ya yi dishi-dishi, wancan an ƙi karɓa a wurin yin fasfo. Ya tsorata ƙwarai, don bai iya komai ba sai hoto, kuma bai san me zai yi da safiya ba in ya rufe shagon.

Akwai wani dillalin kyamara da ya daɗe yana binsa ya sauya zuwa marar madubi, irin wadda ke nemo idon mutum da kanta ta saita. Da can Dakata korarsa yake yi, yana cewa kayan malalata ne. Wannan karon shi ya aika a kira shi. Dillalin ya zo da guda biyu, jikin kawai, da gilashi ɗaya da zai hau kowacce.

"Baba, wannan ƙaramar ita ce ta masu kaifin ido irinka," in ji dillalin. "Launinta kamar ka taɓa fatar mutum. Babbar kuwa jakar aiki ce. Hotonta bai kai na waccan ba, amma ba ta zafi, batirinta na yini, katin ajiyar hoto biyu take ci. Riƙe su ka gwada, ni na san wadda za ka ɗauka."

Gwajin Dakata iri ɗaya ne tun yana sabon ango. Duk kyamarar da ta shigo hannunsa, matarsa yake zaunarwa a kujerar nan ya ɗauke ta, ya wanke, ya duba da gilashin ƙara girma. Tela ce, a gida take ɗinki, kuma ta baro rigar mutane a kan keke ta zo tana mita.

"Malam, fuskar nan dai ita ce ta bara, ba abin da aka ƙara mata sai layin tsufa."

"Layin nake nema, maman yara. Dakata, kar ki motsa."

Ya fara da ƙaramar. Ba nauyi, ba ƙara, har ya riƙa shakkar ko ya latsa. Da rana ta take fitilu suka gasa ɗakin, sai ta nuna wata alama ta ɗauke, dole aka jira ta huce. Babbar ta cika hannu, kuma duk sanda ta kama ido sai ta yi ɗan ƙara, tit, kafin ya latsa. Ya yi ta jan ta har la'asar ba ta ce uffan ba.

Washegari ya baje hotunan a kan tebur, na ƙaramar a dama, na babbar a hagu. Ya sunkuya da gilashinsa, ya daɗe a haka. Launi yana gani, ya ga na dama sun fi ɗumi da daɗin kallo. Amma abin da ya kafa sunansa a kai, gashin ido ɗaya-ɗaya, bai gan shi a ko'ina ba, dama da hagu duk ɗaya suke a wurinsa. Ya ɗaga ɗaya daga dama ya ce wannan ya fita tar.

Matar ta karɓa ta duba da idon da ke zura zare a allura ba tabarau. Ba ta yi masa kara ba, ba ta kuma ji daɗin faɗa ba.

"Ɗan kunnena ne ya fita, Malam. Idon ya gudu."

Ta bi su ɗaya bayan ɗaya. Inda ƙaramar ta kama, ba a magana, ko ita sai da ta tsaya kallon kanta. Sai dai a wasu kyamarar ta bar idon ta koma kan abin da ke ƙyalli. Na babbar launinsu ya ɗan kwanta, kamar atamfar da ta sha wanki, amma ba ko ɗaya da idon ya kuɓuce.

Da dillalin ya dawo, Dakata ya tura masa ƙaramar a cikin kwalinta.

"Haba Baba, kai da ke yaga hoto saboda gashin ido? Ai ƙaramar ta fi kyau nesa ba kusa ba."

"Ta fi kyau," in ji Dakata. "Amma sai da mai tsaronta. Wannan kuwa in ta yi ƙara, na san ta gani."

Dillalin ya buɗe baki zai ja, ya lura da yadda tsohon ke laluben murfin gilashi a kan teburin alhali yana gabansa, sai ya fasa, ya ɗauki kwalinsa.

Wanda ya fara zama gaban sabuwar kyamarar wani direba ne mai neman hoton lasisi. Dakata ya ɗaga hannu, ya ji tit, ya latsa. Ya dubi allon bayan kyamarar ya ga fuska, amma ko ta fita ko ba ta fita ba, bai sani ba, kuma bai taɓa miƙa wa mutum hoton da bai tabbatar da shi ba. Ya ce wa direban ya dawo bayan azahar. Ya rufe shago tsakar rana, ya ɗauki kyamarar ya taka har gida, ya miƙa wa matarsa a kan keken ɗinki.

Ta duba ta ce ya fita. Sannan ta dubi gumin da ke wuyansa.

"Ba za ka riƙa wannan zirga-zirgar a kan kowane hoto ba. Gobe a kai mini kekena shago."

"Ƙarar keke a wurin ɗaukar hoto?"

"In ka ce dakata, ni ma sai in dakata."

Ya karɓi kyamararsa ya fita. Da ya koma shagon, ya janye fitilar hagu zuwa jikin labule, ya share kusurwar da ke kusa da taga, inda haske ya fi kyau.