Taƙi Ashirin da Huɗu na Tashin Ɗan Sama

Shekara talatin da ɗaya Mai Majigi ya yi yana haska fim a tsohuwar silimar bayan tasha, kuma abin alfaharinsa guda ne: bai taɓa salwantar da ko hoto ɗaya daga zaren fim ba. Haka yake gaya wa duk wanda ya zauna a bencin ƙofar gidansa. An rushe silimar tuni, an gina shagunan taya a wurin, amma shi har gobe da farar riga mai aljihu biyu yake fita, da ɗan almakashi a na hagu.

A cikin finafinan da ya haska, babu kamar na jarumin nan mai shuɗin mayafi, wanda 'yan kallo suka laƙaba wa Ɗan Sama. Mai silima ya sayi faifansa biyar kacokan, ana maimaita shi duk wata. Wurin da aka fi so shi ne inda gada ta karye, jirgin ƙasa na tafe. Za a ga jarumin a kan rufin bene, kafin ƙiftawar ido sai ga shi a ƙarƙashin gada ya tallafe ta da kafaɗa.

Ƙanin matar Mai Majigi, wani tela, shi ne malamin wannan fim. Sau sittin ya kalle shi, tun ranar da aka fara shigar da shi kyauta a matsayin ƙanin amarya. Karatunsa kullum ɗaya ne: sauran jarumai tashi suke yi kamar angulu, amma Ɗan Sama ɓacewa yake yi ya bayyana. A kan haka ya ɓata da wanzamin unguwa har wata uku, don ya ce shi ma Ɗan Sama tashi yake yi.

Wata ranar Talata da hantsi, tela ya shigo gidan ba sallama, riƙe da wani littafi mai launi da ya tsinta a wurin mai sayar da tsofaffin littattafai. Labarin fim ɗin ne aka zana, hoto bayan hoto.

"Mijin Yaya, sa tabarau," in ji shi. "Duba shafi na goma sha takwas."

Mai Majigi ya duba. Ga Ɗan Sama ya yi tsalle daga bene, ga shi yana keta gajimare, mayafi na kaɗawa, ga shi ya wuce garken tsuntsaye. Shafi huɗu cur yana tashi.

"Masu zane ba su da amana," in ji Mai Majigi, ya rufe littafin a hankali. "Ƙari suke yi don takarda ta cika."

"Duk sauran shafukan daidai suke da fim, har kyanwar da ke kan taga. Me ya sa nan kaɗai za su yi ƙari?"

Mai Majigi ya shiga goge tabarau, ya goge, ya sake gogewa.

Matarsa na zaune tana gyaran maɓalli. Ta ajiye allura, ta shiga ɗaki, ta fito da wani tsohon gwangwanin biskit, ta zazzage shi a kan tabarma. Gutsattsarin zaren fim ne, kowanne tsawon taƙi guda.

"Ashirin da huɗu ne," ta ce. "Lokacin da yake nemana, duk zuwa da guda yake zuwa. Wasu samari na kawo turare, shi kuwa sararin sama yake yanko mini. Ya haɗe wurin da gam, ya ce ba mai ganewa."

"Haba, uwar yara."

"Ai ba a gane ba, Malam. Ga shaida nan zaune, sau sittin."

Tela ya ɗauki guda ya ɗaga wajen taga. Ga Ɗan Sama ɗan ƙarami, hannu a miƙe, hasken rana na ratsa mayafinsa. Ya daɗe yana kallo, ya ɗauki wani.

"Ashe da Baba bai ja maka rai wata shida ba, da na ga tashinsa," ya ce. "To, yau bencin ƙofa zai sha labari."

Mai Majigi ya mayar da tabarau, ya gyara zama.

"Bismilla, je ka faɗa. Ka fara da wanzami. Ka ce masa shekara arba'in shi ke da gaskiya."

Tela ya dubi ƙofa. Ya dubi yayarsa, wadda ta koma kan maɓallinta tana dariya ƙasa-ƙasa. Can ya naɗe littafin, ya cusa shi cikin gwangwanin tare da gutsattsarin, ya danne murfi da tafin hannu.

"Masu zane ba su da amana," in ji shi. "Amma Yaya, wannan guda ɗaya ni zan riƙe."