Yadda Likitan Gilasgo Ya Rasu da Ransa

Hanock Mhone bai taɓa yi wa kowa allura ba, ganin jini ma jiri yake sa shi, amma daga Chintheche har Nkhata Bay babu mai kiransa da wani suna sai Likita. Sana'arsa ta gaskiya gyaran kwalekwale ce. Likitancinsa na rawar malipenga ne, a ƙungiyar ƙauyenmu wadda kakanninmu suka raɗa wa suna Gilasgo, don girmama wani gari da babu ɗayansu da ya taɓa gani.

Ya sami muƙamin ne saboda ƙafarsa ba ta jin ganga. Yana saurayi ya shiga sahu kamar kowa, da farar riga, da gajeren wando mai sitaci, da safa har gwiwa, da ƙahon duma a baki. In sahu ya yi dama sai Hanock ya yi hagu, kuma da gaba gaɗi yake yi, har na bayansa su fara shakkar kansu. Sarkin ƙungiya na wancan zamani bai so korarsa ba, don mahaifinsa dattijon coci ne. Sai ya duba muƙamai. Akwai Kyaftin, akwai Saje, kujerar Likita ce babu kowa, kuma Likita ba ya rawa. Aka ɗinka masa farar kwat. Shi kuma ya ɗauko jakar fatar da mahaifinsa ya dawo da ita daga haƙar zinariya a Kudu, ya zuba kayan aiki: abin sauraron ƙirji na tiyon keke da mazurari, da kwalbar ruwan tafki, da agogon aljihu wanda ya tsaya tun kafin a haife shi.

Kowace ƙungiya da nata al'adar. Ta Gilasgo ita ce, idan rawa ta kai tsakiya, mutum ɗaya zai yanke jiki ya faɗi. Wanda ya faɗi ganga na tashi, ba ya buɗe ido kuma ba ya ɗaga bayansa daga ƙasa sai Likita ya tashe shi. Ganga ba ta tsayawa sai ya tashi. In kuwa ta tsaya yana kwance, to ya mutu a wajen ƙungiya, ba shi ba sahu har abada. Sau ɗaya hakan ta taɓa faruwa, ranar da fatar babbar ganga ta fashe a kan wani Eliya Kamanga. Mutumin ya daɗe a duniya bayan haka, ya aurar da 'ya'ya, amma ranar rawa a gindin mangwaro yake zama, kowa na gaishe shi da marigayi.

Mai faɗuwa a zamanin Hanock shi ne Yotamu Longwe, ƙanin matarsa, masunci, wanda Allah ya ba baiwar faɗuwa. Yakan dafe ƙirji, ya yi tangaɗi, ya dubi sama kamar mai neman wanda ya kira shi, sannan ya zube tim. Mata su yi salati irin namu. Likita kuma ba ya sauri. Sai ya ciro agogo ya duba, ya wanke hannu, ya taka a hankali, ya saurari ƙirji, ya ɗiga ruwan kwalba a goshi, ya ja kunne, ya ce an sallame ka. Tun suna da baƙin gashi suke wannan aiki, suna zagin juna ƙasa-ƙasa yayin da jama'a ke ganin jinya ake yi. Hanock bai taɓa rasa majinyaci ba, kuma yakan faɗi haka a duk inda ake hirar asibitoci.

A da, rawa ziyara ce. In an gama girbi, zafi ya fara, sai ƙungiya ta ɗaura fararen kaya a cikin zane don kada su yi datti, ta tafi a ƙafa zuwa ƙauyen da ya gayyace ta. Masu masauki su tare ku a bakin rafi. A ci tuwon rogo da soyayyen usipa, ƙananan kifin tafkinmu, a kwana a ajin makaranta, a yi rawa har rana ta gaji. Babu mai tambayar ka wane ne, don kowa ya san uwarka.

Bikin kiɗa na bakin tafki daga baya ya zo. Farkonsa wasu 'yan birni ne da Turawa kaɗan, da janareta guda, yara na ratsa tsakiyarsu da awaki. Shekara na bin shekara, sai ga shinge, sai ga masu gadi, sai ga motoci daga Lilongwe har da ƙasashen maƙwabta, kuma yashin da muke shanya komar kamun kifi a kansa ya zama wurin da ba a shiga sai da awarwaron roba. A shekarar da nake ba da labarinta, masu bikin suka ce suna son wani abu na gargajiya da rana, kafin babban mawaƙinsu ya hau. Aka gayyaci Gilasgo.

Matsala ta fara tun daga ƙofa. Wata yarinya ce ke ɗaura awarwaro, ja ga masu hawa dandamali, rawaya ga 'yan kallo. Ta tambayi Hanock me yake kaɗawa, ya ce ba ya kiɗa. Ta ce to rawa yake yi, ya ce Allah ya kiyaye, shi Likita ne. Ta ce suna da nasu likitocin, ta ɗaura masa rawaya cikin ladabi. Sarkin ƙungiya, Ada Manda, wato Baba Manda a harshenmu, ya yi bayani har muryarsa ta dushe, amma awarwaron ba ya kwantuwa sai da almakashi. Aka tsayar da shawara cewa Yotamu zai faɗi a bakin dandamali, inda Likita zai iya miƙa hannu daga ƙasa.

Hanock ya tsaya a cikin yashi da kwat ɗinsa da jakarsa, tsakanin wata mai fuka-fukan takarda a baya da wani saurayi da ya shafe jiki da ƙyalli. Ganga ta tashi, ƙahonin duma suka amsa, fararen hankici suka yi sama. Jama'a suka ɗaga wayoyi. Da lokaci ya yi, Yotamu, wanda bai taɓa ganin taro irin wannan ba, ya yi faɗuwar da ta fi duk na rayuwarsa. Wata Baturiya ta ƙwalla ƙara.

Likita ya ciro agogo ya duba. Ya ɗebo ruwa ya fara wanke hannu. Kafin ya gama da na hagu, wasu ƙarti biyu masu jan gicciye a riga suka ɓullo daga bayan dandamali a guje, suka ɗora Yotamu a kan abin ɗaukar marasa lafiya, suka yi ciki da shi. Yotamu bai buɗe ido ba. Ya san doka.

Makaɗa ma sun san doka. Ganga ta ci gaba.

Tantin asibitin yana bayan shinge, ɓangaren masu jan awarwaro. Hanock ya isa ƙofar shingen da tafiya mafi sauri da aka taɓa ganin Likita ya yi, ya gaya wa mai gadi cewa an sace masa majinyaci. Mai gadin ɗan Mzuzu ne, mai ladabi, ya dubi tiyon keken da ke wuyansa, ya dubi awarwaron.

"Ada, rawaya gare ka."

"Ɗana, in gangar can ta tsaya, mutumin da ke ciki ya mutu."

Mai gadin ya ce to gara a bar shi wajen masu magani. Hanock ya ce ai shi ne mai maganin. Mai gadin ya ce ya yarda, amma rawaya gare shi.

A kan dandamali kuwa, lokacin da aka ba Gilasgo ya daɗe da ƙarewa. Matar da ke tsara masu hawa ta yi wa Ada Manda alama da hannu, ta nuna masa agogo, ta zo har kunnensa ta yi ihu. Ya sara mata irin ta soja ya ci gaba da rawa. Ta sa aka kashe lasifika, sai ta gano gangar Gilasgo ba ta taɓa sanin lantarki ba. Babban mawaƙin yana tsaye a gefe da baƙin tabarau, an ce har ya fara gyaɗa kai. 'Yan kallo sun ɗauka sabon salo ne, suka shiga tsalle. Amma Hanock ya san hannun da ke kan babbar ganga, tsoho ne mai ciwon kafaɗa, kuma tun daga bakin shinge yana jin bugun ya fara raguwa.

Ya sake tambayar mai gadi ko akwai mai rawayan da ke wuce ƙofar nan. Mai gadin ya yi tunani da gaske, ya ce babu, sai dai wanda aka ɗauko a kwance.

Hanock ya dubi ƙofar. Ya san abin da ake nufi da faɗuwa ganga na tashi, shi ya fi kowa sani, kuma Gilasgo Likita ɗaya gare ta. Ya gyara maɓallan kwat, ya rungume jaka a ƙirji, ya zube. Waɗanda suka gani sun ce faɗuwar ba ta da kyau ko kaɗan, kamar buhun rogo ya zamo daga keke. Amma ta wadatar. Ƙartin nan biyu suka dawo.

A cikin tanti an rasa yadda za a yi da Yotamu. Numfashinsa daidai, bugun zuciyarsa daidai, ido a rufe gam, in an yi masa tambaya sai nishi. Nas ta riga ta aika a kira motar asibiti. Aka shimfiɗe Hanock kusa da shi, shi ma ido a rufe. Dokar ba ta ce komai a kan baki ba.

"Mlamu, kana ina?" in ji Hanock, don haka muke kiran suruki.

"Ga ni, makaho. Ina ka tsaya, wanke hannun ne har yanzu? An soka mini allura, kana can kana duba agogon da ya mutu."

"Da ka faɗi kamar mutum da ba a ɗauke ka ba. Ka ga Turawa ka zaƙe."

Ya buɗe jaka da lalube, ya miƙa mazurari ya saurari ƙirji, ya ɗiga ruwa, ya kamo kunne ya ja. Sai dai ya juya ne ta wajen da ba shi ba, kamar yadda ya saba tun yana saurayi. Kunnen na wata 'yar Holan ce da rana ta buga, ta miƙe zumbur tana tambayar ina take. Ya ba ta haƙuri, ya ce ita ma an sallame ta, ya juya dama. A nan ya sami kunnen da ya sani, mai kauri, mai tabon ƙugiya. Ya ja shi da ƙarfi fiye da yadda aiki ke buƙata.

"An sallame ka."

Yotamu ya tashi. Sai a lokacin ya ga mijin yayarsa kwance ido a rufe, ya gane abin da ya faru. Ya ce a ba shi kwalbar ya tashe shi. Hanock ya ƙanƙame jaka, ya ce majinyaci ba ya taɓa kayan aiki, shi dai Yotamu ya ruga kafin kafaɗar tsohon makaɗin can ta karye. Yotamu ya fita a guje da auduga manne a hannu, nas na bin sa. Makaɗa na hango shi suka yi bugun ƙarshe.

Hanock ya ji shirun daga inda yake kwance. Ya bari ya daɗe kaɗan, don kada a ce akwai shakka, sannan ya buɗe ido ya nemi ruwan sha.

Ƙungiya ta yi zama a kan maganar. Ada Manda ya ce faɗuwar ba a filin rawa aka yi ta ba, a bakin shinge ne, don haka ba ta cikin lissafi. Kowa ya goyi baya. Hanock kaɗai ya ƙi. Ya ce inda duk ake jin ganga filin rawa ne, kuma shi da kunnensa ya ji ta. Ya ce an yi wa Eliya Kamanga hukunci a kan fatar da ta fashe ba da laifinsa ba, ba za a sassauta wa wanda ya faɗi da gangan ba. Ya ninke kwat ya ajiye a gaban Sarki. Jakar ya riƙe, don ta mahaifinsa ce.

Aka naɗa sabon Likita, wani jikan Ada Manda da ke aiki a asibitin gunduma. Ranar farko da Yotamu ya faɗi, ya zo da abin sauraron ƙirji na gaske, ya daɗe a durƙushe, ya tashe shi, sannan ya ja shi gefe ya ce yana da hawan jini, kada ya sake faɗuwa. Matasa kuwa babu mai son ɓata farin wandonsa. Yau Gilasgo tana da Likita mai takarda, ba ta da majinyaci.

Da zafi ya zagayo, masu bikin suka aiko suna son a maimaita dogon kiɗan nan na bara, har da jan awarwaro na musamman domin Likita. Hanock ya mayar musu, ya ce a gaya musu mai shi ya rasu.

Ranar rawa yanzu a gindin mangwaro yake zama, jaka a kan cinya, Yotamu a gefensa da ƙwayoyin magani a aljihu. Masu wucewa su gaishe da Ada Longwe, su gaishe da marigayi, ya amsa. In rawa ta kai tsakiya, wurin da ya kamata a faɗi, Yotamu yakan dafe ƙirji ya ɗan karkata. Hanock, ba tare da ya dube shi ba, sai ya ce:

"Zauna daidai, mlamu. In ka zube a nan babu mai tashinka, ni na mutu."